Jarida Ɗaya, Unguwa Guda

A Kaura Namoda ta da, masu sayen jarida sanannu ne, da yatsu ma sai a ƙirga su: hedimasta, alƙali da muhutinsa, malamin asibiti, akawun kamfanin gyaɗa, manyan ma'aikatan reluwe, sai ɗan kasuwa ɗaya ko biyu da suka taɓa zaman aji. Masu karanta ta kuwa ba su ƙirguwa. Kwafi guda na Gaskiya Ta Fi Kwabo kan zaga zauruka kafin sabuwa ta iso, ya bar hannun mai shi fes, ya komo masa, in ma ya komo, da tabon manja da jan goro, gefensa duk ya tattare. A Shinkafi da Zurmi lamarin ya fi haka, domin can sai an dace da mai zuwa daga Kaura ko Gusau. Cikin sa'o'ina babu wanda ya fara karatun jarida da kuɗin aljihunsa. Da ta wani muka goge bakinmu, da mujallar wani muka san akwai duniya bayan Gusau. Kuma kowannenmu ya san ko ta wane ce, ya san ƙofar gidansa, ya san lokacin da yake gamawa da ita. Wannan sanin ne nake ganin ya kuɓuce mana, fiye da takardar kanta.

Dogo ne ya fara kawo mana ita. Layin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya iso Kaura a 1929, nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba har yau. Gyaɗa da auduga Turawa suke nema, amma jirgin da ke zuwa ɗaukar buhuna ba ya zuwa wayam. Yakan zo da gishiri da kananzir da atamfa da jakar wasiƙu, da ma'aikata mutanen Kudu waɗanda suka saba da Daily Times da West African Pilot tun daga garuruwansu. Shekara goma bayan isowar dogo, a Janairun 1939, aka fara buga Gaskiya a Zariya, Abubakar Imam na edita, Rupert East na tsaye a bayansa. Zariya kuwa ita ce ɗaya bakin layin namu. Daga tashar Kaura sai kaya su bi ta ƙasa, wasu su nufi Shinkafi har Isa da Sabon Birni, wasu su bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Takarda ma hanyar da take bi ke nan, a aljihun direba ko cikin jakar malamin makaranta da ya zo karɓar albashi.

Farashinta kwabo ne, kamar yadda sunanta ya faɗa, amma kwabo a lokacin kuɗi ne, kuma tun farko hukuma ce da kanta ta saba mana da karatun ɓagas. A zamanin yaƙin Hitila an riƙa buga wata 'yar jarida mai suna Suda ana rabawa kyauta don a ji labarin yaƙi ta bakin Ingila, aka kuma buɗe ɗakunan karatu a garuruwa da dama na Arewa inda mutum zai shiga ya duba jarida ya fita ba ko anini. Da aka shiga shekarun 1950 aka ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da aka kafa a 1954 ta fito wa larduna da jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, mu kuma na Lardin Sakkwato aka ba mu Zaruma. Wa ya biya kuɗin takarda da tawada da albashin masu rubutu? Baitulmali, wato haraji da jangali. Manomin Dauran da bai taɓa riƙe fensir ba, da Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu a dajin Zurmi, su suka ɗauki nauyin karatun akawu da ɗan makaranta. Da gwamnati ta ga nauyin ya yi mata yawa sai ta rufe NORLA a 1959, jaridun larduna suka bi ta.

Akwai kuma abin da ya girmi wannan duka. Ƙasarmu ƙasar malamai ce, kuma a zauren malamai ba a san sayar da karatu ba. Almajiri kan ari littafi wurin malaminsa ya kwafe da hannunsa ya mayar. In an biya, ladan mai rubutu da kuɗin takarda aka biya, ilmin da ke ciki na Allah ne. Da wannan idon mutane suka dubi jarida sa'ad da ta zo. Aron ta kamar ɗiban wuta ne a maƙwabta, mai zuwa ba ya jin kunya, wanda ya hana shi ne abin faɗi. Mutumin da ya karanta jaridarsa ya ninke ya kulle a akwati, kafin a jima an san shi da rowa a unguwa, ko da kuwa yana ciyar da almajirai safe da dare.

Sai dai aron yana da ladubbansa. Ba a taɓa ta kafin mai ita ya gama. Ba a yage shafi, ko da hoton wanda kake so ne a ciki. Ba a miƙa ta ga wani sai da izini, kodayake wannan dokar kusan kullum karya ta ake yi. Sannan mai aro yana biya da abin da yake da shi. Mu yara da murya muke biya. Bayan la'asar dattawa sun baje tabarma a ƙofar gida, sai ka ji an ce, "Kai ɗan makaranta, taho ka karanta muna wagga takarda." Ka durƙusa ka gaida su, ka fara. Ba ka yin nisa za a tsayar da kai. "Dakata, maimaita wurin nan. Wa yac ce haka?" Ka faɗi sunan ministan. Wani tsoho ya kaɗa kai ya ce, "Ƙarya ta, wanga bai san ƙasag ga ba." Daga nan gardama ta ɓarke, kai kuma ka samu sarari ka leƙa shafin baya, ka karanta abin da ranka ke so kafin a ce ka ci gaba. Waɗannan dattawa ba jahilai ba ne. Da yawansu sun sauke Alƙur'ani, sun yi littattafai, suna rubuta wasiƙa da ajami. Baƙaƙen boko ne kawai ba su iya ba, amma auna magana da gane inda mai rubutu ya karkata, a wurinsu muka koya. Labari ba ya shiga gari sai ya bi ta wannan tankaɗe.

Ko bayan an gama da ita jarida ba ta mutuwa. Takan koma hannun mai tsire da mai ƙosai, ko tela ya yanka ta ya fitar da fasalin riga, ko a manne ta a bangon shago. Yaro da yawa ya karanta rabin labarin juyin mulki a takardar da aka ƙunsa masa balangu, ya yi ta neman sauran. Malamai sun sha jan kunne kan shafukan da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, har wasu gidajen suka riƙa ware su suna ƙonawa.

Mujallu sun shigo ta wata ƙofa daban, ƙofar 'yan makarantun kwana. In an yi hutu, yayyenmu da ke karatu a Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi kan dawo da Drum da African Film, waccan mai hotuna da ke ba da labarin Lance Spearman. Sukan iso mana bango ya cire, wani lokaci ƙarshen labarin ma babu, mu ƙarasa da ka. Amma babbar hanyar samun mujalla kyauta ita ce akwatin gidan waya. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus da na Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Mosko. Matasa suka gane cewa in ka rubuta wa waɗannan tashoshi, ko ka aika wa ofisoshin jakadanci takardar roƙo, wata rana za ka ga ƙunshi da sunanka: kalanda, jadawalin shirye-shirye, mujalla mai sheƙi cike da hotunan madatsun ruwa da manoma masu murmushi. Akwati ɗaya na wani ma'aikaci kan ɗauki wasiƙun unguwa guda, kowa ya rubuta "ta hannun" wane. Bayan juyin juya halin Iran na 1979 mujallun can ma suka fara zuwa, suka kuma yi tasirin da ba a zata ba a tsakanin ɗalibai. Can baya ofishin jakadancin Amurka ya fito da tasa ta Hausa mai suna Magama. Ba mu yi wautar zaton don Allah ake turo su ba. Mun san kowa da abin da yake so ya zuba mana a ka. Abin da ya taimake mu shi ne duka muke karɓa, mu jera ta Rasha kusa da ta Amurka, in mun gama mu yi wa littattafan makaranta bango da su. Takardar Sinawa ta fi ƙarko, wannan kam kowa ya shaida.

Zamanin teburin mai jarida shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ne na ga yadda mai saye ke rikiɗa ya koma mai leƙe. Da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura a 1983, garin ya samu malamai da ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan, masu sayen jarida suka ƙaru. A tebur za ka ga New Nigerian, wadda aka fara bugawa a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, ga Gaskiya, ga Amana ta kamfanin Abiola, ga Albishir ta Kano. Newswatch ta fito a 1985, kuma da aka kashe editanta Dele Giwa da bam cikin ambulan a Oktoban 1986, har wanda Turancinsa bai taka kara ya karya ba sai da ya zo ya ga hoton. To a shekarar nan ta 1986 ne Babangida ya shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta fara gangara. Takardar buga jarida yawanci daga waje ake sayo ta, masana'antar Oku Iboku da aka gina don ta wadatar da ƙasa ba ta cika shekara goma tana aiki ba. Farashin jarida ya riƙa hawa, albashi ya tsaya cik, na malaman firamare ma sai a yi watanni ba a gan shi ba. Malamin da a da yake saye kullum ya koma sayen ta Lahadi kawai, daga baya ya shigo sahunmu a tsaye, hannu a baya, yana karanta kanun labarai. A Kudu har suna aka laƙaba wa irin wannan taro cikin raha, wai ƙungiyar masu karatun kyauta ta ƙasa. Mu ba mu sa suna ba, amma muna da rassa.

Yadda cinikin ke tafiya shi ne, motar kamfani ta sauke wa dila a Gusau, dila ya raba wa masu tebur, a ɗora na Kaura a motar haya. Ta Kaduna takan iso da rana, ta Legas sai washegari ko jibi. Mai tebur la'ada yake ci kan kowace ya sayar, wadda ta yi kwantai kuma a mayar wa kamfani. Saboda haka taron masu leƙe bai dame shi sosai ba, har yana jawo masa ido. Mujallu ne yake kishi, don sun fi tsada, sai ya danne bakinsu da ƙusar takarda. Ka miƙa hannu ya ce, "Malam, saye za ka yi ko dubawa?" Ka ce, "Haba Alhaji, kanu kawai zan gani." Daga baya aka samu maslaha: ka ba shi 'yan canji, ya zare ƙusar, ka koma kan benci ka karanta Tell ko Citizen daga bango zuwa bango, ka mayar, ya sake dannewa. A ƙarshen mako mujallar da mutum ashirin suka karance ta koma Legas ko Kaduna a matsayin wadda ba a saya ba. Mai tebur ya samu, mu mun samu, wanda ya biya ɗan jarida da maɗaba'a ya tashi a tutar babu. A nan ne aron zaure ya fara canza kama, domin a zaure ko ba komai an sayi kwafi ɗaya.

Duk da haka ba zan yi wa teburin nan butulci ba. Majalisa ce da babu irinta. A 1992, lokacin da Marafan Sakkwato Umaru Ali Shinkafi ke neman tutar jam'iyyar NRC ta shugaban ƙasa, kafin Babangida ya soke zaɓen fidda gwanin ya kori 'yan takarar gaba ɗaya, mutanen Shinkafi da suka shigo Kaura ba su komawa sai sun tsaya sun ji abin da jaridun Legas ke faɗi kan ɗansu. Haka aka yi cincirindo bayan zaɓen 12 ga Yunin 1993, haka ranar da aka wayi gari da sunan Zamfara cikin sabbin jihohin da Abacha ya ƙirƙiro a 1 ga Oktoban 1996. Amma babu kamar bayan 27 ga Oktoban 1999, ranar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau. Sai ga jiharmu a bangon mujallun Legas mako bayan mako. Muna tsaye a rana muna karanta yadda waɗanda ba su taɓa tsallako Kwara ba suke siffanta mu. Wani ya fassara wa na kusa da shi, wani ya fusata, wani ya ce a'a, nan wurin kam sun faɗi gaskiya. Mai gyaran keke da lakcara kafaɗa da kafaɗa, kowa na da bakin magana, tunda babu wanda ya saya balle ya yi wa wani gori.

Mata ba su zuwa tebur, amma kada a ɗauka ba su karatu. Nasu tsarin ya ma fi namu tafiya daidai. Tun da littattafan soyayya suka ɓarke daga Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Balaraba Ramat Yakubu da na Bilkisu Funtuwa, shagunan haya suka buɗe, a aiki yaro da kuɗin kwana ɗaya ya karɓo. Da Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim a Maris ɗin 1999, ga kuma Tauraruwa daga Kano, sai suka bi wannan hanya. Kwafi ɗaya ya shiga gidan amarya, daga nan ya bi ta hannun 'yan talla da ƙannen miji ya zaga gidaje, a ƙarshe a cire hoton tsakiya a manna a bango. Kishiyoyin da ba su ga maciji kan yi sulhun wucin gadi saboda mujalla. Marubuciyar kuwa kuɗin kwafi ɗaya ta gani, mai shagon haya ya ci sauran.

Wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, ta ɗauki 'yan shekaru kafin ta game yankinmu, wasu 'yan shekarun kuma kafin ta koma abin karatu. Daga nan komai ya tafi da sauri. Jirgi dama ya daɗe da ɗauke ƙafa. New Nigerian da Gaskiya, waɗanda suka dawo hannun jihohin Arewa 19, suka yi ta tangal-tangal, ma'aikata ba albashi, har suka ɓace daga tebur. Aminiya da ta fito a 2006 ta riƙe tutar Hausa, amma yau masu karanta ta a waya sun fi masu riƙe ta a hannu nesa ba kusa ba. Teburan suka riƙa naɗewa ɗaya bayan ɗaya, inda suke a da yanzu rumfar cajin waya ce ko ta masu POS.

A ido, burin mai karatun ɓagas ya cika. Yaro a Moriki yana kwance a ɗakinsa zai karanta BBC Hausa da Aminiya da Premium Times da DW kafin ya wanke fuska. Manyan jaridun duniya sun gina katanga, New York Times ta fara neman kuɗin shiga a 2011 wasu suka bi sahu, jaridunmu ma suna sayar da kwafinsu na intanet. Amma kullum da sassafe sai ka ga an watso jaridun ranar sukutum a zaurukan WhatsApp da Telegram, har da mujallun Ingila da Amurka da a da sai babban ɗakin karatu ke da su. Wani zai ce ai wannan aron nan ne na da, ya sauya riga kawai. Ban yarda ba, kuma dalilina ba na wa'azi ba ne, na lissafi ne. Jaridar takarda tana tsufa. In ta bi hannu goma sha ta yage, kuma ba ta iya zama a Kaura da Zurmi a lokaci guda. Dole kowace unguwa ta samu mai sayenta, kowane gari ya samu nasa. Yagewar nan da nisan nan su suka riƙe kamfanonin jarida da rai duk yawan aronmu. Kwafin waya ba ya yagewa, ba ya jin nisa. Mutum ɗaya ya saya a Abuja ya wadatar da Arewa gaba ɗaya kafin a idar da sallar asuba. Marubutan littattafan Hausa na intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, sun fi kowa sanin zafin abin. Za ka ga an rubuta a saman shafi cewa littafin na kuɗi ne, har da Allah ya isa ga wadda ta fitar, amma kafin dare ya zaga zauruka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ba a taɓa kashe kuɗi kan karatu a yankin nan kamar yanzu ba. Mai acaɓa da bai taɓa sayen jarida ba a rayuwarsa yana sayen data kusan kullum, yana biyan caji, yana biyan gyaran gilashin waya. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, aka yi gunaguni aka ci gaba da saye. Kuɗin suna fita, sai dai ba su isa wurin wanda ya rubuta labarin. Kamfanin waya ya ɗauki nasa, kuɗin talla kuma da a da ke riƙe jarida yawancinsu sun koma Facebook da Google. Kafofin da muka fi dogara da su a Hausa, da yawansu gwamnatocin wasu ƙasashe ne ko masu biyan harajinsu ke ɗauke da su, mutanen da ba su san da zamanmu ba. Hedimastan da muke aron jaridarsa in ya yi tafiya mun sani, in aka yi masa canjin wurin aiki mukan nemi wani. Amma a Maris ɗin 2025, da gwamnatin Trump ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sai masu saurare suka kunna rediyo suka ji sashen Hausa babu shi, ba sallama, babu kuma ƙofar da za a je a yi bikon sa.

Mu a Zamfara mun ɗanɗana abin da ya fi wannan tun kafin nan. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Aka rufe kasuwannin mako, har da ta Alhamis a Shinkafi wadda ke tara mutane daga Nijar da Kudu. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Cikin waɗannan makonni aka gane cewa babu abin da za a koma wa. Tebur babu, motar jarida babu, ɗakin karatu babu sabon abu a ciki. Rediyo ya dawo da martabarsa, tashar mota ta koma gidan jarida, direban da ya shigo daga Gusau ya zama edita, mutane suka koma rubuta wasiƙa a ba shi ya kai. Wanda ke da hali ya yi tafiya zuwa wata jiha don kawai ya buga waya. Yara masu shekara ashirin da suka tashi suna ganin labari kamar iska ne, ko'ina akwai, suka ga ashe makunni gare shi, kuma ba a hannunsu yake ba.

Ba na ɗora wa mai karatun ɓagas laifin mutuwar jarida. Talauci ne, da faɗuwar naira, da gwamnonin da suka riƙe jaridu a matsayin kakakinsu suka kuma ƙi biyan ma'aikata. In ba don aro ba, da rabinmu ba mu iya karanta komai ba bayan allon aji. Amma akwai bashin da ya taru, kuma yanzu ake biyansa. Yankin da ya fi ko'ina buƙatar a rubuta gaskiyar halin da yake ciki, shi ne wanda babu jaridar da ke samun kuɗin da za ta zaunar da wakili a cikinsa. Labarin Zurmi da Shinkafi yawanci daga Gusau ko Kaduna ko Abuja ake rubuta shi, ta waya, daga bakin "wani mazaunin yankin da ya nemi a sakaya sunansa". Giɓin da ya rage sai saƙon murya ya cike shi, da tsohon hoto daga wata ƙasa da aka ce jiya aka ɗauka a Dauran, da bidiyon da 'yan bindigar da kansu suke ɗauka su watsa. Waɗannan kam kyauta ne na gaske, babu mai neman ko sisi, kuma babu tsohon da zai ce a dakata a maimaita, wa ya faɗa.

Aikin da ake yi da gaske kuɗi yake ci. Ɗan jaridar da zai bi hanyar Kaura zuwa Shinkafi a yau yana buƙatar kuɗin mota da masauki da wanda zai yi masa jagora, da kamfanin da zai tsaya masa in abu ya faru. A 2022 Trust TV, ta kamfanin da ke buga Daily Trust da Aminiya, ta shiga daji ta yi dogon shiri kan 'yan bindiga, sashen binciken BBC ma ya yi nasa a Zamfara. A watan Agustan shekarar hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta ci kamfanonin tauraron ɗan'adam da suka nuna na BBC irin wannan tara. A Kaura kuwa mutane da yawa a rumfar masu tura fina-finai suka samu shirye-shiryen biyu, aka zuba musu a waya tare da waƙoƙi da fassarar Indiya, kan 'yan canjin da ba su kai kuɗin shayi da burodi ba.